Ƙafa Ce Ta Fara Fitowa

Ƴan uwa masu bin labarin nan nawa, sallama gare ku. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban faɗi yadda aka ƙare tsakanin Inna da Zakariya'u ba, za ta hau mota ta zo Badaguishiri ta nemo ni. Ki zauna abinki, ƴar uwa. Kwana tara ban rubuta komai ba saboda hannuna yana cikin ruwan zafi da ganyen wanka, mai jego gare mu a gida. Yanzu ta yi barci, jaririyar ma ta yi, ga ni.

Ga wanda yau ya fara karantawa: sunana Fadila, shekarata ashirin da biyar. Aurena na fari ya mutu tun ɗiyata Nasiba tana goye, yanzu shekararta biyar. Muna zaune wurin Inna a wani ƙauye bakin fadamar Badaguishiri, ina noman albasa da tumatir a garkar da Baba ya bar mana, Allah ya jiƙansa. Zakariya'u ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ɗan Malbaza, aiki ya kawo shi nan. Wata bakwai yana nemana, wata bakwai Inna tana cewa a'a.

Dalilinta guda ne, kuma ba ta ɓoye shi.

"Mutumen da ka sa hannu cikin akuya har gwiwar hannu, shi za ya ci tuwo cikin akushin gidan ga? Likitan awaki?"

Amma fa likitan awakin nan shi ke duba mata Ƴar Gata. Ƴar Gata tunkiyar Inna ce, fara sol, doguwa, kunnuwa har wuya, wadda Inna ta raina da hannunta tun uwarta ta mutu. Da tunkiyar ta yi ciki, sai Zakariya'u ya samu ƙofa. Ya shigo ya taɓa cikinta, ya duba idonta, ya sha ruwa a zaure cikin kofin roba, ya fita. Ni kuma in tsaya riƙe da igiya, na sha hijabina ruwan ƙasa mai ɗinkin fure a baki, kamar dai riƙon igiya yana bukatar kwalliya. A salula kuwa, wato waya, ba ma kiran sunanta, "mai ciki" muke ce mata. Kullum da safe saƙonsa shi ne, "Ina kwana. Yaya mai ciki?" In amsa, "Ta ci, ta sha, tana gaishe ka."

Ku riƙe wannan, don nan gizo ya yi saƙarsa.

Akwai wata mai cikin a gidan. Ƙanwata Humaira, da ke aure a Konni, ta zo goyon ciki, haihuwar fari. Ni ban taɓa yi wa Zakariya'u maganar cikinta ba. Wace mace ce za ta zauna da manemi tana ba shi labarin cikin ƙanwarta? Shi ma in ya gan ta a tsakar gida kansa a ƙasa yake gaishe ta.

A Konni an yi wa Humaira eko, wato hoton ciki, aka ce ɗan a zaune yake, kai sama, ƙafafu ƙasa. Aka rubuta a karnenta, katin awon ciki, cewa ta haihu a babbar likita, wato babban asibiti. Ranar da na karanta wannan takarda, sai da na zauna a bakin rijiya. Haka Nasiba ta zo. A ɗakin Inna na haife ta, ƙafa ce ta fara fitowa, Gwaggo Tsahara, ƙanwar Baba, wadda ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen nan, ta kama ta ja. An samu rai, mun gode Allah. Amma har yau hannun Nasiba na hagu ba ya wuce kafaɗarta. In zan sa mata riga, da shi nake farawa. Ban taɓa ce wa Gwaggo komai ba. Sai dai na yi wa kaina alkawari biyu: ba za a sake jan wani ɗa a gabana ba, kuma duk gidan da zan shiga, da Nasiba zan shiga.

Don haka na tsara komai. Na yi magana da wata ƙawata a Illela, inda babbar likitar take, za mu sauka wurinta, na haɗa jaka: zannuwa huɗu, sabulu, fulas, kayan jariri, karne a aljihun gaba. Saura kwana biyu mu tafi.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kunyar ɗan fari.

Ranar kasuwar Badaguishiri ce, maza duk sun tafi. Ashe tun asuba Humaira take jin ciwo, ta yi shiru. Ta share tsakar gida, ta wanke kwanoni, in abin ya murɗa ta sai ta dafa turmi ta yi kamar tana neman wani abu a ƙasa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina yanka albasa na ji ta kira ni daga ɗaki, murya can ƙasa.

"Yaya."

Na shiga. Tana durƙushe bakin gado, zanenta ya jiƙe sharkaf. Na ɗaga, na gani. Ƴar ƙafa ce, ƙarama kamar babban yatsana biyu a haɗe, da yatsunta biyar cif.

"Tun yaushe, Humaira?"

"Tun kiran salla. Kunyar Inna nika ji."

Kafin in buɗe baki Inna ta shigo, Gwaggo na bayanta, har ta naɗe hannun riga ta wanke hannu. Na jawo salula na kira Zakariya'u, don shi ke da moto, wato babur, kuma ya san duk direbobin kasuwa. Kira ya ƙi shiga. Na danna bokal, wato saƙon murya:

"Zakariya'u, mai ciki ta fara, ƙafa ta fito, ka zo maza."

Shi ke nan abin da na ce. Na ajiye salular a kan gado, na juyo na ga Gwaggo ta durƙusa, hannunta ya kusa kai wa ƙafar. Na riƙe wuyan hannunta.

"Gwaggo, a'a."

"Ke, sake ni. Tun ba a haife ki ba nika wannan aiki. In ba a taimaka mata ba ɗan ya sha ruwa."

"Gwaggo, don Allah, a'a."

Inna ta daka mini tsawa. Ni ɗiyar fari ce, ba ta kiran sunana. "Ke wannan, gwaggonki kika riƙe ma hannu? Yaushe kinka zama likita?"

Sai salula ta yi ƙara. Hannuna ɗaya na riƙe da Gwaggo, na miƙa ɗayan na danna. Salulata tun da ta faɗa rijiyar garka ba ta san magana a hankali ba. Muryar Zakariya'u ta cika ɗakin, cike da murna, ana jin kukan tumaki a bayansa:

"Madalla, Fadila, mun gode Allah. Ƙafa ce ta fara fitowa? Haka aka so. Ki duba da kyau, za ki ga ta biyu, ga hanci bisansu. Abu guda nika roƙo: kada kowa shi ja. Ko Inna ta matsa, ki riƙe hannunta. Ku ba ta wuri, in tana son durƙusawa ta durƙusa. In ta sauka ki dama mata ruwan dusa mai ɗumi da ɗan gishiri. Kuma ku bar ta ta lashe ɗanta da kyau. Ga ni nan tahe."

Ni dai na so ƙasa ta tsage.

Humaira ce ta fara. Fuskarta a cikin katifa, kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka take. Ta ɗago, hawaye da dariya a haɗe.

"Yaya, in lashe shi?"

"Ɗiyata za a ba ruwan dusa?" in ji Inna, idonta a kan salular kamar za ta mare ta. "Kin ji ko? Kin ji wanda kika so?"

Gwaggo kuwa dariya ta ƙwace mata, ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki. Hannun da zai ja, ga shi yana share hawaye. Na yi amfani da wannan dama na shiga tsakaninta da Humaira, na ce a hankali, "Gwaggo, ya yi kuskuren mai ciki, amma bai yi kuskuren magana ba. Ki tuna hannun Nasiba."

Dariyar ta tsaya. Gwaggo ta dube ni, ta dubi ƙofa, inda Nasiba ke leƙe riƙe da labule da hannun dama. Ta sauke hannun rigarta.

Na sake bokal: "Humaira ce, ba tunkiya ba. Mota za ka samo." Saƙon ya maƙale, rezo, wato layin waya, ya ɗauke.

Minti kaɗan muka ji moto a ƙofar gida. Na fito da gudu. Ga Zakariya'u ya yi sallama ya wuce kai tsaye garke, da farar rigar aikinsa, da jaka, har ya zura doguwar safar robar nan da ke kai wa kafaɗa. Ya tsaya. Ƴar Gata na kwance a inuwa tana tuƙa, ta dube shi kamar tana tambayarsa lafiya. A daidai lokacin salularsa ta yi ƙara a aljihu. Ya saurara. Na ga fuskarsa ta sauya launi sau uku.

"Innalillahi. Fadila, wa ya ji na farkon?"

"Kowa."

Ya fita da gudu. Ya juya moto. Allah ya taimake mu, Bawa direba yana lodin albasa a garkar maƙwabta. Suka sauke buhunan a ƙasa, muka jefa katifa a bayan motar, na bar Nasiba wurin maƙwabciya. Humaira ta hau a durƙushe, ƙirjinta a kan filo, na rufe ta da zane ina riƙe da ita, Inna da Gwaggo a gefe. Zakariya'u na gaba a moto yana kore jakuna da amalanke daga hanya. Duk motar warin albasa, ba wanda zai iya cewa ga dalilin hawayen kowa.

A matanite, ƙaramin asibitin haihuwa na Badaguishiri, sajfam, wato ungozomar asibiti, na tsaye a ƙofa tana jiranmu, don Zakariya'u ya kira ta tun a hanya. Madam Lantana ke nan, gajeruwa, ta kai shekara hamsin, da rigar aiki ruwan hoda da silifa. Ta karanta karne, ta harare mu ɗaya bayan ɗaya.

"An rubuta muku babbar likita, kunka kawo mini ita da ƙafa waje."

Ta duba Humaira, ta saurari zuciyar ɗan, ta ce ba sauran lokacin kai ta Illela, haihuwa ta sauko. Duk da haka ta kira ambilans ta ce su taso, ko da za a bukace su. Ta bar ni da Inna muka shiga, Gwaggo ta tsaya bakin ƙofa.

Humaira ta je za ta kwanta rigingine a kan tebur. Madam ta ce, "A'a, ɗiyata. Yadda kinka zo cikin mota, haka nika so. Gwiwa biyu, hannu biyu."

Inna ta yi ƙasa da murya, amma an ji. "Awa tunkiya."

"Awa ke, Inna," in ji Madam tana sa safar hannu. "Ba bisa gwiwa kinka haife ta ba?"

Sai ta ja kujera ta zauna a bayan Humaira, ta dubi agogon bango, ta mayar da hannuwanta biyu baya ta harɗe su. Ƙafa ta biyu ta fito. Inna ta yunƙura, hannunta ya miƙe da kansa.

"Kada kowa shi ja," in ji Madam, ko juyowa ba ta yi ba.

Inna ta janye hannu. Ta juyo ta dube ni. Ni kuwa na ƙura wa agogo ido, don na san in muka haɗa ido zan yi abin kunya.

Ƴan uwa, ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ko da yake ta jikina ya taɓa bi. Duk naƙudar da ta zo, sai jikin ya ƙara sauka da nauyin kansa. Cinyoyi, ciki, cibiya. Mace ce. Tana reto, tana ɗan harba ƙafa kamar mai neman ƙasa. Madam na kallon launin jikinta, tana kallon agogo, tana cewa, "Yauwa, Humaira, ita ta san hanya, ke dai ki buɗe mata." Hannu ɗaya ya sulluɓo. Muka jira. Na ji kamar shekara. Na biyun ya biyo.

Saura kai. Nan ne kawai Madam ta kwance hannuwanta. Ta sa yatsu a ƙirjin jaririyar, ƙasan ƙashin wuya, ta danna a hankali. Haɓa ta sauko, baki, hanci, sai ga ta gaba ɗaya a hannun Madam.

Ba ta yi kuka ba. Madam ta kwantar da ita ta shiga murza bayanta da tawul, da ƙarfi, tana yi mata magana kamar babba: "Haba ƴammata, kin zo da ƙafarki, ki yi sallama mana." Inna na salati, Humaira na tambaya, "Yaya, mi ne? Yaya?" Sai ƴar ta yamutsa fuska, ta buɗe baki, ta tsala ihu.

Kowa fuskarta ya duba. Ni hannuwa na duba. Duka biyun a sama suke, a dunƙule, tana kai wa iska naushi. Na zauna a ƙasan matanite na yi kukan da na riƙe shekara biyar.

Bayan an gyara su, Inna ta matsa kusa da Madam tana wanke hannu.

"Wannan zaman da hannu baya, wa ya koya miki shi?"

"Formasiyo, horo ke nan, anka yi muna a Tawa. Amma na gane shi da wuri, don cikin tumaki na tashi. Ga tunkiya, ƙafa gaba shi ne daidai, ga mutum kai ne. Nan munka rabu da su. Inda munka haɗu, hannu mai gaggawa ɓarna shika yi, ko garke ko ɗaki." Ta goge hannu ta nuna Inna da yatsa. "Kada ki tahi ki ce ma mata su zauna gida su harɗe hannu. Wani sai an yi aiki a ciro shi. Na harɗe hannu ne don na san lokacin kwance shi."

A waje Zakariya'u na tsugune gindin dogon yaro. Har yanzu doguwar safar na hannunsa, ya manta da ita. Da ya hango Inna ya ƙara yin ƙasa.

"Inna, ki gafarce ni. Wallahi Ƴar Gata na ɗauka."

Inna ta gyara mayafi ta wuce shi kamar ba ta ji ba. Gwaggo ce ta tsaya a kansa.

"Likita, an sauka lahiya. Saura dusa."

Tun daga ranar gidanmu bai huta da wannan magana ba. In na kawo wa Humaira kunun kanwa sai ta ce, "Ruwan dusata ya iso?" Matan da ke zuwa barka kowa sai ta tambaya ko an lashe jaririya da kyau. Ranar suna aka sa mata Mubaraka, amma ba wanda ke kiranta haka, Ta-Ƙafa ake ce mata. Gwaggo kuma, washegarin dawowarmu da la'asar, na same ta ta ɗora Nasiba a cinya tana shafa mata man shanu a hannun hagu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ban sani ba, Fadila." Na ce, "Na sani, Gwaggo." Muka bar ta a nan.

Inna ce kawai ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ambaci Zakariya'u ba. Shi ma kunya ta hana shi zuwa, ko suna aike ya yi. Ni na fara cire rai.

Jiya da hantsi Ƴar Gata ta fara naƙuda. Tana zagaye, tana tonon ƙasa, ta kwanta ta tashi. Maƙwabta biyu suka shigo, ɗaya har ta naɗe zane za ta shiga garke. Sai na ga Inna ta tsaya a ƙofar garken, ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe.

"Kada kowa shi ja."

Ta leƙa, ta ƙara leƙawa, ta ce da ni ba tare da ta juyo ba, "Ke wannan, ƙafa biyu da hanci bisansu. Haka ya ce ko?"

"Haka ya ce, Inna."

"To kira shi. Ki faɗi sunan mai cikin da kyau."

Kafin ya iso an sauka, ɗan rago fari mai baƙin kunne ɗaya, uwar na ta lasarsa. Inna da kanta ta dama ruwan dusa, ta gwada ɗuminsa da yatsa. Zakariya'u ya duba uwa da ɗa ya ce lafiya lau, ya wanke hannu, ya nufi zaure wurin kofin robarsa. Babu kofi. An shimfiɗa sabuwar tabarma, a kanta akushin Baba, baƙin nan da ba a sauko da shi ba tun rasuwarsa, cike da tuwon hatsi da miyar kuɓewa.

Bayan ya tafi, ina wanke akushin, Inna ta tsaya a kaina.

"Ki ce ma likita shi turo manyansa Juma'a." Ta juya za ta tafi, ta waiwayo. "Amma su shigo da kai."

Ta shige ɗaki, na ji ta tana dariya ita kaɗai. Kun lura? Likita ta ce. Awakin sun faɗi a hanya.

Na zauna bayan rumbu da salula. Wannan karon na yi a hankali, na faɗi sunan kowa. Na ba shi saƙon Inna, sannan na faɗi abin da wata bakwai na kasa faɗi: ni ba ni kaɗai ba ce, inda zan kwana nan Nasiba za ta kwana, in da damuwa ya faɗa tun yanzu. Na tura, na kifa salular a cinya.

Amsa ta zo. Na manta halin salulata, na danna, duk gidan ya ji:

"Fadila, tun farko mutum biyu nika nema. Ke kin amsa, Inna ta amsa. Saura Nasiba, kuma ba ta bakinki nika son ji ba. Juma'a ni da kaina zan tambaye ta."

Humaira ta rangaɗa guɗa daga ɗakin jego har Ta-Ƙafa ta farka. Na kira Nasiba, ta zo daga garke, rigarta duk gashin tunkiya.

"Kin ji abin da likita ya ce? Mi za ki ce mishi?"

Ta yi tunani sosai, baki a tsuke, irin na kakarta.

"Sai ya yi mini abu guda tukuna."

"Mi ne?"

"Shi zan faɗa ma."

Na lallaɓa, na ba ta ƙuli-ƙuli, na ce ko a kunne ta raɗa mini. Ta ƙi. Yau Laraba. Tana can bakin garke tun safe, ta ɗaga hannun hagunta iya inda yake kaiwa tana auna tsayin ɗan ragon da shi tana yi masa raɗa, kuma duk sanda na matso sai ta yi shiru. Ko maganar hannun ce, ko ta ragon, sai Juma'a za mu ji.